Alƙalamin da ya daina shan tawada bai mutu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in amsa wa wani ɗan'uwa da ya rubuto a shafin wasiƙu makonnin baya, yana kokawa cewa ya gaji wani tsohon alƙalami mai shan tawada daga mahaifinsa, ya tsoma shi a kwalba har ya gaji amma bai ja ko ɗigo ba, yana kuma tambaya ko ya jefar da shi ne ko kuwa akwai mai gyara. Ni ba sana'ata ba ce, tsohon malamin makaranta ne ni da ya ajiye aiki, sai dai na yi shekaru ina buɗe irin waɗannan alƙaluma a kan teburina, na tayar da wasu, na kuma kashe wasu da hannuna. Abin da nake so ɗan'uwan ya fara ji shi ne kada ya jefar, kuma kada ya kusantar da filaya ko ruwan zafi ga alƙalamin kafin ya gano abin da ke damunsa, domin yawancin tsofaffin alƙaluman da na gani sun lalace har abada ba tsufa ne ya kashe su ba, hannun mai gaggawar gyara ne.

Duk binciken ya rataya ne a kan sanin yadda alƙalami ke cika. A yawancinsu, ko daga wace ƙasa suka fito, dabarar ɗaya ce da ta robar ɗiga maganin ido: a matse a kori iskar da ke ciki, a saki, sai nauyin iskar waje ya danna tawadar da ke kwalba ta bi ta bakin alƙalamin ta hau ta cike gurbin da aka bari. Saboda haka idan alƙalami ya ƙi sha, matsalar ba ta wuce abu uku: ko abin da ke korar iskar ya mutu, ko akwai wata kafa da iska ke satar shiga ta cikinta maimakon tawada, ko kuma hanyar da tawadar za ta bi ta toshe. Akwai na huɗu wanda ba a cika son faɗa ba, wato mai alƙalamin ne bai iya ba shi ba. Wani abokin aikina ya taɓa kawo mini nasa yana rantsuwa cewa ya lalace, na ce ya cika shi a gabana, sai na ga tsinin bakin kawai yake tsomawa, ya matsa, ya zare nan take kamar wanda ya taɓa garwashi. Dole ne bakin ya nutse gaba ɗaya har tawada ta taɓa wuyan alƙalamin, wato wurin da yatsu ke riƙewa, in ba haka ba iska zai sha, kuma bayan an saki sai an ƙirga ɗaya zuwa goma a hankali kafin a zare, domin tsohuwar roba ba ta komawa yadda take da sauri. Kwalbar da tawadarta ta yi ƙasa ma takan sa a zargi alƙalamin da ba shi da laifi.

Gwajin farko ba ya bukatar komai sai kofin gilashi da ruwan sanyi irin na randa. A tsoma bakin alƙalamin har wuya, a motsa abin cikawar sannu a hankali, a zuba ido. Idan iska ta fito ɓul-ɓul, sannan da aka ɗaga shi aka sake matsawa ya feso ruwa mai yawa, to lafiyarsa ƙalau, wanki kawai yake so. Idan iska ta fito amma ruwan da ya dawo da shi ɗigo biyu ne ko uku, akwai inda yake yoyon iska. Idan babu motsin komai, ko hanya ta toshe ko robar ciki ta mutu, kuma hannu ne zai raba gardama: wanda hanyarsa ta toshe za a ji yana turo yatsa kamar balan-balan da aka ɗaure bakinsa, wanda robarsa ta fashe kuwa za a ji abin cikawar yana tafiya sakwaf ba tare da ya taɓa komai ba.

Mafi yawan tsofaffin alƙaluman da suka shigo ƙasarmu a aljihun akawuna da malamai da alƙalai masu liba ne, wato ɗan siririn ƙarfen nan da ke kwance a gefen gangar jiki wanda ake ɗagawa da farce. Walter Sheaffer, wani mai sayar da kayan ado a garin Fort Madison na jihar Iowa ta Amurka, shi ya yi wa wannan dabara rajista a 1908, daga baya kamfanoni irin su Esterbrook a Amurka da Conway Stewart a Ingila suka bi sahu. A cikin gangar akwai 'yar jakar roba mai kama da ƙaramar salka, an liƙa bakinta a bayan wuyan alƙalamin, sannan akwai wani faffaɗan ƙarfe da ke kwance a gefenta, wanda libar ke turawa ya matse jakar. Wannan jaka ita ce ran alƙalamin, ita ce kuma take fara mutuwa, domin ɗanyar roba ce wadda zafi da tsufa ke cinyewa, kuma zafi irin namu na watan Afrilu ba ya raga mata. Mutuwarta iri biyu ce. Wani lokaci takan bushe ta yi tauri ta farfashe kamar ƙanzo, sai ka ji tana ƙaras-ƙaras idan ka girgiza alƙalamin kusa da kunne, wani lokaci kuma takan narke ta yi danƙo kamar kwalta ta manne da bangon ganga. Idan libar ta ɗan ɗaga ta tsaya cak, to busasshiyar jaka ce ta tokare ta, kuma a nan ne ya kamata a janye hannu, domin ƙara ƙarfi ko dai ya lanƙwasa libar ko ya tsaga gangar a daidai inda aka kafa ta, gyaran wannan kuwa ya ninka canjin jaka wahala sau da yawa.

Buɗe alƙalamin shi ne wurin da aka fi yin ɓarna, kuma a nan zan faɗi nawa abin kunyar. Na taɓa samun wani kyakkyawan alƙalami ɗan Ingila mai launin kore da ratsin baƙi a wurin masu sayar da tsofaffin kaya, wuyansa ya ƙi fita, sai na ce bari in jiƙa shi ya kwana a kofin ruwa ko tawadar da ta riƙe shi za ta saki. Da asuba na tarar da gangar ta kumbura ta yi laushi kamar waken da aka jiƙa, murfin ya ƙi shiga, da ta bushe kuma sai ta tsattsage ta karkace. Garin neman gira na rasa ido. Daga baya na fahimci cewa ba duk abin da ya yi kama da roba ne roba ba. Wasu alƙaluman Ingila na wancan zamani da wani sinadari da ake samu daga madara aka yi su, wanda ke shan ruwa ya kumbura. Wasu da baƙar roba mai tauri aka yi su, wadda ruwa, musamman mai ɗumi, ke mayar da ita ruwan ƙasa cikin 'yan mintoci. Wasu kuma da selulod aka yi su, irin abin da ake yin tsohon fim ɗin silima da shi, wanda sifirit ke narkarwa, wanda kuma ke kamawa da wuta fau idan ya ga ashana ko kyandir. Don haka ƙa'idata yanzu ita ce bakin alƙalami da wuyansa kaɗai ke shiga ruwa, ruwan kuma na sanyi, sai in na tabbatar da abin da aka yi gangar da shi.

Abin da ke riƙe wuyan a cikin ganga yawanci shalak ne, wato ƙaron nan da wani ƙwaro ke samarwa a Indiya da Tailan, wanda kafintoci ke narkawa a sifirit su goge katako da shi ya yi sheƙi. Shalak yana saki idan ya ji ɗumin da ya kai kamar digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, selulod kuwa yana fara laushi ba da nisa sosai sama da haka ba, saboda haka tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna ƙarama ce. Na'urar busar da gashi ita ce abin da ya dace, a riƙa juya alƙalamin a gabanta daga ɗan nesa, a riƙa taɓa shi a leɓe ko a bayan hannu, kuma idan fata ba za ta iya jurewa ba to an wuce gona da iri. Wajen riƙewa babu abin da ya kai yankin robar tsohon tif ɗin keke, ɗaya a naɗe ganga, ɗaya a naɗe wuya, a riƙe kusa da mahaɗar, a murɗa kaɗan kaɗan ana ja, ba tare da karya shi gefe da gefe ba, domin bakin gangar siriri ne ƙwarai kuma nan yake tsagewa. Wasu wuyan cusa su aka yi, wasu kuma masu zare ne irin na noti, don haka a fara da murɗawa ta ɓangaren kwancewa har a gane. Idan ya ƙi, a ajiye shi a sake gwadawa gobe. Akwai wanda sai da na yi masa kwana biyar ina ɗumamawa ina ajiyewa kafin ya saki, kuma da ya tashi saki babu wani ƙarfi da na sa.

Da zarar wuyan ya fita, sauran aikin mai sauƙi ne, sai dai yana son natsuwa. A zazzage gutsattsarin tsohuwar jakar, a haska cikin gangar da tocila, a kankare abin da ya manne da tsinke ko siririyar waya mai lanƙwasa a kai, ana kiyaye ƙarfen matsin kada a fizgo shi. Idan ƙarfen ya yi tsatsa har ya karye, wanda yakan faru idan tawada ta taɓa zuba a ciki, sai an sauya shi, in ba haka ba kaifinsa zai huda sabuwar jaka. A kankare kan nonon da ke bayan wuyan, wato inda ake liƙa bakin jakar, har ya yi tas, sannan a wanke hanyar tawadar ta hanyar tura ruwa daga baya da robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina da ita, har ruwan ya riƙa fita fari ta baki. Tawadar da ta yi taurin kai takan saki idan an jiƙa wuyan a ruwa mai ɗigon sabulun wanke kwano, ko a gauraya kashi ɗaya na amoniyar wanke-wanke da kashi tara na ruwa, a ɗauraye sosai bayan haka.

Sababbin jakunkunan da lamba ake sayar da su, lambar kuma faɗin jakar take nufi a ma'aunin kashi 64 na inci, wato lamba 16, wadda ita ce ta yawancin alƙaluman Esterbrook, faɗinta rubu'in inci ne, milimita shida da 'yan kai. Kuskuren da na ga ana yawan yi shi ne zaɓen babba don ta ɗauki tawada da yawa. Jakar da ta dace ita ce wadda za a saka a ganga ta faɗa da kanta ba tare da turi ba, domin wadda ta cika gangar fam tana ɗaukar ɗumin hannu, iskar cikinta ta buɗe, alƙalamin ya yi ta aman tawada a kan takarda. A auna tsawonta a jikin gangar, a yanke ta yadda ba za ta tokari ƙarshe ba, a shafa shalak kaɗan a kan nonon ba tare da ya shiga ramin ba, a zura bakin jakar a daidaita shi, a bari ya bushe. Ni nakan bar shi ya kwana. Kafin a mayar, a barbaɗa wa jakar farar hoda tsantsa marar turare domin kada ta manne da ƙarfe. Ina roƙon masu gyaran agogo da na tabarau, waɗanda su ake fara kai wa irin wannan aiki, su yi wa Allah su daina sa sufa gulu a nan. An taɓa dawo mini da wani alƙalami da aka liƙe wuyansa da ita, kuma tun da jaka aba ce da za a sake canzawa bayan wasu shekaru, wanda ya liƙe ta haka ya rufe ƙofar gyara ga duk wanda zai zo bayansa.

Idan kuwa alƙalamin ɗan'uwanmu irin wanda bakinsa ke ɓoye cikin wata hula ne, tsinin kawai ke leƙowa, to mai yiwuwa Parker 51 ne, kuma labarinsa daban ne. An fito da shi kasuwa a 1941, kuma daga 1948 aka sauya masa abin cikawa zuwa wani kwanson ƙarfe mai taga, wanda ake danna wani ƙarfe mai gurza-gurza a cikinta. A jikin kwanson an rubuta yadda ake cikawa, na farko-farko sun ce a danna sau shida, na baya sun ce sau huɗu. Jakar wannan alƙalami ba ɗanyar roba ba ce, wata irin leda ce mai tauri wadda ke yin shekaru masu yawa ba ta mutu ba, kuma baƙin da takan yi rinin tawada ne kawai, ba dalilin cire ta ba ne. Irinsa na gada daga mahaifina, wanda ya saya a wani kanti a Kano kafin samun mulkin kai a 1960 yana akawun En'e, a jikinsa kuma an buga cewa a Ingila aka yi shi, inda a wancan lokaci kamfanin yake da masana'anta a garin Newhaven. Ya yi kusan shekara talatin a akwati da tawada a cikinsa, laifin da namu ne mu magada. Da na tsoma shi a kofi, dannawar farko ta fitar da iska, ta biyu kuwa sai ta fitar da shuɗin ruwa, haka ta uku, haka ta huɗu. Yana sha, amma ɗan kaɗan, shafi biyu sai ya ƙafe.

Wannan alama ce da ba ta ɓata. A tsakiyar jakar akwai wani siririn bututu da ya taso daga harshen da ke ƙarƙashin baki, aikinsa shi ne a duk dannawa ya fitar da iskar da ke saman tawada ya bar tawadar da ta riga ta shiga, shi ya sa ake dannawa sau da yawa, kowace dannawa na ƙara cika. Idan lafiyarsa ƙalau, za a ga iska na fita a kowace dannawa tana raguwa har ta ƙare. Idan ya toshe ko ya karye, abin da aka sha a dannawar farko shi ake amayarwa a ta biyu. A na farko-farko da azurfa aka yi bututun, kuma tawadar Superchrome mai saurin bushewa da aka fito da ita a 1947 an san ta da cin sa. Gangar wannan alƙalami ba ta tsoron ruwa, saboda haka na jiƙa gabansa kwana uku ina sauya ruwa safe da yamma, amma bai buɗe ba. Na ɗumama hular na kwance ta, na zaro wani abu mai siraran haƙarƙari da ke tara tawada, na zaro harshen tare da bututun, sannan na ware sili ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki na zura a ciki. Ya shiga rabi ya tsaya. Na yi ta juya shi ina ɗiga ruwa, can sai ga wani baƙin dunƙule da bai kai ƙwayar gero ba ya faɗo a kan farar takardar da na shimfiɗa. Akwai kuma wata 'yar huda a gefen bututun kusa da harshe, sai da madubin masu gyaran agogo na gan ta, ita ma na buɗe ta. Wajen mayarwa, abin da ya fi cin lokaci shi ne daidaita tsinin baki da tsinin hula, sai an ɗaura an kwance sau da dama. Wanda ke son koyon wannan aiki, shawarata ya fara da alƙalamin Hero 616 da ake yi a Shanghai ta ƙasar Sin, domin ya kwaikwayi ginin Parker 51 kuma ba shi da tsada, in ya fashe ba a yi asarar gado ba.

Akwai iri biyu da nake ba da shawarar mai koyo ya bar wa gwani. Na farko shi ne Vacumatic na Parker, wanda ya fito a 1933, har ma da Parker 51 na kafin 1948, waɗanda ake cika su da wani maɓalli da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙaramin murfin gindi. Robarsu ba ta fita sai da wani sifana na musamman, kuma duk wanda ya sa filaya a wurin zai cinye zaren. Na biyu shi ne Snorkel na Sheaffer na 1952, wanda wani siririn bututu ke fitowa daga ƙarƙashin bakinsa idan an murɗa gindi. Wannan ko gwajin ruwan da na ambata kada a yi masa in ba a san halin jakarsa ba, domin akwai sifirin a ciki, kuma ruwan da ya zuba ta fasasshiyar jaka zai sa shi tsatsa. Shi da yayansa Touchdown na 1949 da kunne ake gwada su: a zaro bututun gindi a tura shi, idan ba a ji ɗan huci a ƙarshen turawar ba, zoben robar da ke riƙe iska ya bushe.

Masu fistan, irin wanda kamfanin Pelikan na birnin Hanoba a Jamus ya fito da shi a 1929 bisa dabarar wani injiniya ɗan Hangari mai suna Theodor Kovács, aikinsu kamar na sirinji ne, kuma tagar da ke jikinsu tana sauƙaƙa bincike. Idan aka ga tawada ta tsallaka bayan fistan, ko tana fitowa ta wajen abin murɗawa, to abin da ke toshe tsakanin fistan da bango ya saki. A na farko-farko da ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba aka yi shi, kuma idan bushewa kawai ya yi, barin ruwa a cikin alƙalamin kwana ɗaya ko biyu yakan sa ya kumbura ya koma aiki, idan kuwa ya ruɓe sai sabo. Fistan da ya ƙame kada a murɗa shi da ƙarfi. A yawancin alƙaluman Pelikan bakin yana kwancewa, sai a ɗiga ruwa ta nan a bari ya jiƙa, sannan a shafa giris ɗin silikon tsantsa a bangon ciki da kan tsinken sakace, ɗan mitsitsi. Basilin da man keken ɗinki da baƙin mai duk daga fetur suke, kuma suna cin roba.

Wani lokaci a canza jaka, a wanke hanya, amma alƙalamin ya ci gaba da shan rabi ko ya riƙa ɗigo. A nan sai a nemi tsaga. A cika shi da ruwa, a goge shi ya bushe, a naɗe wuyan da farar takarda mai laushi, a toshe bakin da yatsa a ɗan matsa jakar, duk inda takardar ta jiƙe nan ne ɓarawon yake. Tsagar da ido ba ya gani ta isa ta hana alƙalami cika.

Sai maganar tawada, wadda a wurinmu ita ce ke maido da cutar bayan an warke. Tawadar allo da muka tashi da ita, ta gawayi da ƙaro, an yi ta ne don alƙalamin kara wanda ake tsomawa ana rubutu ana ferewa, kuma ƙaron da ke sa ta kama allo shi ne zai liƙe siraran hanyoyin alƙalamin zamani da zarar ya bushe. Haka tawadar hatimi ta ofis, da ta injin buga takardu, da baƙar tawadar masu zane wadda wasu irinta shalak ne a cikinsu, na ga alƙaluman da aka ɗura wa kowace daga cikinsu. Tawadar da aka yi domin wannan aiki, irin Quink da Parker ke yi tun 1931 ko 4001 ta Pelikan, ita kaɗai ta dace, kuma ga tsohon alƙalami mai jakar roba na fi natsuwa da shuɗiya ko shuɗi-baƙi a kan masu launi mai kauri. A lokacin hunturu tawada na saurin bushewa a baki, don haka a riƙa rufe murfi da an ɗaga hannu, kuma alƙalamin da za a ajiye fiye da 'yan makonni a zubar da tawadarsa a ɗauraye shi tukuna. Kada a bar shi a gaban mota cikin rana.

Kayan gyaran ba su da tsada a karan kansu, kuɗin aikowa daga Ingila ko Amurka ta intanet ne ke da nauyi, shi ya sa mu uku muke haɗa kuɗi mu yi oda ɗaya, mu raba jakunkunan, mu ajiye ragowar a cikin gwangwani mai murfi a wuri mai sanyi da duhu. Ɗan'uwan da ya yi tambaya, ina roƙonsa ya sake rubutowa ta wannan shafi ya faɗi abu uku: sunan da aka buga a jikin alƙalamin ko a bakinsa, yadda ake cika shi, da abin da ya gani lokacin da ya tsoma shi a kofin ruwa. Da waɗannan zan iya gaya masa lambar jakar da zai nema, ko in ce masa wanki kawai ya rage. Ni ma ina da tawa bukatar, domin akwai Vacumatic guda a aljihun teburina da ya shekara biyu yana jiran sifanan da ba ni da shi, saboda haka idan akwai wani mai karatu a Kano ko Kaduna ko Damagaram ko Maraɗi da ke da shi, ina roƙonsa ya sanar da ni ta hannun Edita.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon malamin makaranta,
Zariya.